Birran Samboja da ba za su koma daji ba

Harkar yadi da dogayen riguna ce ke kai ni Jakarta, kasuwar Tanah Abang, wadda duk ɗan kasuwar Afirka ta Yamma da ya taɓa zuwa Indonesiya ya san lungunanta. A wannan zuwan, da na gama haɗa kaya na miƙa wa masu jigila, sai na tashi cika alkawarin da na yi wa ƙanwata na leƙa ɗanta, wanda ke karatun gandun daji a Jami'ar Mulawarman da ke Samarinda, a tsibirin Borniyo. Tafiyar kamar awa biyu ce a jirgi zuwa Balikpapan. Yaron ya tarye ni a filin jirgi, ya karɓi jakata, bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ya ce, "Kawu, kafin mu wuce Samarinda akwai inda nake so in kai ka. A kan hanya yake."

Hanyar ita ce ta fara ba ni labarin, tun ban san inda muka nufa ba. Zafi mai ɗauke da laima, gumi ba ya bushewa. Masallatai a kowane ƙauye, wasu da koren rufi, wasu da shuɗi. Can sai ƙasa ta buɗe, ka ga ramukan haƙar kwal sun cika da ruwa, ka ga kwakwar manja jere a layi. Ita wannan bishiyar tamu ce, daga Afirka ta Yamma ta fito. Tsiro huɗu aka fara dasawa a lambun Bogor da ke tsibirin Jawa a 1848, yau kuma Indonesiya kaɗai ke samar da fiye da rabin manjan duniya. Ɗan ƙanwata ya nuna min gonakin ya ce da can duk wannan kurmi ne, kuma kurmin gidan jan goggon birin nan ne da ake kira orangutan, wanda babu shi a daji ko'ina a duniya sai a Borniyo da Sumatra.

Wurin da ya kai ni sunansa Samboja Lestari, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu daga Balikpapan. Gidauniyar BOS, mai aikin ceton orangutan na Borniyo, ita ce ke riƙe da shi. Asalinta wani masanin gandun daji ne haifaffen Holan, Willie Smits, da ya ci karo da jaririyar orangutan a kasuwar Balikpapan a 1989, tana gab da mutuwa, ya ɗauke ta ya yi jinyarta. A 1991 aikin ya zama ƙungiya. Filin Samboja kuwa, wajen hekta 1,800, an fara sayensa ne a 2001, lokacin ba komai a kansa sai tofa, bayan masu yankan katako sun gama da shi gobarar daji ta 1997 da 1998 ta ƙarasa. Aka yi ta dashe. Da muka sauka daga mota inuwa ta rufe mu, tsuntsaye da ƙwari na ta ƙara, ban yarda cewa hannun mutum ne ya dasa wannan dajin ba sai da aka nuna min tsofaffin hotuna.

Wadda ta zagaya da mu wata matashiya ce, da hijabinta da dogon takalmin roba. Tana magana da harshensu, ɗan ƙanwata yana mayar min da Hausa. Abin da ta fara faɗa shi ne dokoki: ba taɓawa, ba miƙa abinci, ba matsawa kusa, mai tari ko mura ya tsaya a baya. Ƙananan da ake koya wa zaman daji ma ba a kai baƙi wurinsu sam, don kada su ƙara sabawa da mutane. Abin da baƙo zai gani shi ne tsibiran da aka haƙa wa magudanar ruwa aka kewaye. Orangutan bai iya iyo ba, saboda haka ruwan ya wadatar, ba a bukatar waya ko katanga.

A bakin ɗaya daga cikin tsibiran muka tsaya. Da farko ban ga komai ba sai ganye da igiyoyi da wani dandamalin katako. Sai wani abu ja ya motsa a ƙarƙashin dandamalin, ya fito a hankali, yana dogara bayan hannuwansa a ƙasa. Namiji ne babba. Gashinsa ya sauko daga kafaɗu da hannaye har yana jan ƙasa, kumatunsa sun baje gefe da gefe, fuskar ta zama faɗi kamar faifai, ga jakar fata tana reto a ƙarƙashin haɓarsa. Manyan maza irinsa kan kai kilo 80 zuwa 90, in suka buɗe hannu biyu kuma faɗin ya wuce mita 2. Ya zo daf da ruwa ya zauna. Bai kalle mu ba, wani ma'aikaci yake kallo da ke tahowa da kwando.

Ma'aikacin ya kira shi da suna, ya fara jefa masa abinci ƙetaren ruwa: gwanda, masara, guntun rake, kwakwa ɗaya da ɓawonta. Ya tattara su gabansa ba gaggawa. Ya ɗauki kwakwar, ya sa haƙori ya yage ɓawon zare-zare, abin da ni sai na nemi adda, ya huda ta ya ɗaga kai ya shanye ruwan, sannan ya fasa ta a kan itace ya bi farin da ɗan yatsa yana ƙwaƙulowa. Daga nan aka jefa masa guntun gora da aka cusa wa gyaɗa da zuma aka toshe bakin da ganye. Wannan ya fi ɗaukar masa lokaci. Ya juya ta, ya leƙa, ya karyo tsinke ya gyara bakinsa da haƙori, ya zura ya lasa. Matashiyar ta ce kullum sai an ƙirƙiro musu irin wannan wahalar da gangan, domin a daji rabin yininsu a neman abinci yake tafiya, in aka bar su ba abin yi sai su shiga jijjiga jiki da tsige gashinsu. Yayyafi ya sauko muna tsaye. Ya miƙa hannu ya jawo wani tsohon buhu ya lulluɓe kansa, ya ci gaba da lasar zumarsa.

Na tambaya yaushe za a sake shi. Ta ce ba za a sake shi ba, a nan zai mutu.

Sai da ta yi min bayanin yadda ɗan orangutan ke tashi na gane dalili. Uwa takan riƙe ɗanta shekara bakwai zuwa takwas, kuma ba ta sake haihuwa sai ya kusa rabuwa da ita. A jikinta yake koyon wace bishiya ke 'ya'ya a wane lokaci, wane ɓawo ake ci idan 'ya'yan itace sun yanke, yadda ake fasa gidan gara, yadda ake lanƙwasa rassa a yi sheƙar kwana sabuwa kowace yamma a saman bishiya. Uwa ba ta sakin ɗanta da rai, don haka kusan duk jaririn da ka gani a hannun mutum an kashe uwarsa ne. Idan an ceto shi da wuri, akwai makarantar daji. Matan ƙauyukan kusa ne ke zama masa uwa, su ba shi madara, su kwana kusa da shi, daga baya ma'aikata su riƙa fita da shi daji kullum, har da macijin roba ake nuna masa don ya koyi tsoro. Shekaru ake yi. Wanda ya ƙware sai a kai shi tsibirin gwaji, daga nan a sake shi. Tun 2012 gidauniyar ta mayar da fiye da 500 daji, na wannan yankin kuma dajin Kehje Sewen ake kai su, mai faɗin sama da hekta 86,000.

Su ne ake ɗauka a hoto, ranar da aka buɗe akwati biri ya fito ya haye bishiya. Waɗanda na je na gani su ne ragowar, kuma a hannun wannan gidauniyar kaɗai sun haura 100. Wani ya daɗe a gidan mutum yana cin shinkafa yana shan shayi, an sa masa riga, har ya girma bai san hawa bishiya ba. Wani an sake shi ya kasa, aka same shi ya rame aka dawo da shi. Wani ba ya tsoron mutum, in aka sake shi gonar mutane zai nufa, a can kuma adda ko bindiga ke jiransa.

Akwai Romeo, wanda duk ma'aikatan wurin suka san tarihinsa. A ƙarshen shekarun 1980 kiwon jariran orangutan ya zama abin yayi a Taiwan, aka yi ta satar su daga Borniyo ana kai wa masu kuɗi. Da suka girma suka fi ƙarfin masu su, aka rasa yadda za a yi da su. Romeo na cikin waɗanda aka dawo da su, a 1993. Gwajin jini ya nuna yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, aka hana sakinsa don kada ya kai wa na daji. Daga baya bincike ya nuna orangutan suna da tasu irin ƙwayar cutar tun asali, ba lallai daga mutum suka ɗauka ba, amma kafin nan shekaru sun ja wa da yawa daga cikinsu. Romeo ya yi shekara 24 a keji. Sai a 2017 aka samu tsibirin da aka sa shi. Na yi lissafi a raina, yaron da ke tsaye kusa da ni yana fassara min bai kai shekara 24 a duniya ba.

Matashiyar ta ciro wayarta ta nuna mana bidiyon wani da ake kira Kopral. Shi ma a gidan mutum ya tashi. Wata rana ya kuɓuce daga keji ya hau falwaya, wuta ta ƙone masa hannu biyu. A 2009 aka kawo shi yana ɗan shekara huɗu, likitoci ba su da zaɓi sai yanke hannuwan. Dabbar da duk rayuwarta a rataye take da hannu. A bidiyon na gan shi yana hawa bishiya da ƙafafu da baki, ya kama reshe da haƙori ya ɗaga jiki, ya kai ƙafa ya riƙe na gaba. Har sheƙa yake yi. Ya koyi kusan duk abin da ake koyarwa a makarantar daji, amma ba wanda zai kai shi kurmi ya bar shi ya yi takara da lafiyayyun maza. Ta kuma ambaci Shelton, da aka tsinto a 2012 da ƙananan harsasan bindigar iska fiye da 30 a jikinsa, ya makance. Irin wannan ba a Borniyo kaɗai ba ne. A Sumatra, a 2019, an ceto wata uwa da aka sa wa suna Hope, hoton asibiti ya nuna harsashi 74 a jikinta, ita ma ta rasa idanu, jaririnta kuma ya mutu a hanya.

Akwai wani sashe da ba a kai mu ba, daga nesa kawai ta nuna mana wajen da yake. Nan ake ajiye masu tarin fuka, wanda galibi daga mutane suka ɗauka, da masu ciwon numfashi da ke tara mugunya a jakar iskar nan ta maƙogwaronsu. Ma'aikatan sashen sai sun sa takunkumin fuska da safar hannu, sun tsoma takalma a ruwan magani shiga da fita. Maganin tarin fuka watanni ake yi ana sha kullum, shi kuwa biri ba a yi masa bayani. Sai a ɓoye ƙwayar a cikin ayaba ko ruwan zaƙi, ya gano ya tofar, gobe a sake dabara. Ko ya warke ba a sake shi, domin cutar kan kwanta ta sake tashi, in ta shiga cikin na daji kuma babu likitan da zai bi su bishiya-bishiya.

Da muka zauna cin abincin rana a masaukin baƙi na wurin, shinkafa da gasasshen kifi da yaji, ɗan ƙanwata ya kawo maganar da ta daɗe tana damunsa. Ya ce, "Kawu, a ajinmu mun sha gardama a kan wannan. Orangutan yakan yi shekara 50 ko fiye. Wanda aka kawo yana ɗan shekara huɗu, ka ga ciyarwar shekara arba'in da wani abu ke nan, da magani, da albashin masu kula da shi, kuma ba zai ƙara ko ɗaya a yawan na daji ba, tunda matan ma ana sa musu abin hana haihuwa. Wasu na cewa da kuɗin nan aka sa wajen tsare kurmin da ya rage, da an ceci ɗaruruwa."

Maganarsa ba ta banza ba ce. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa Borniyo ta rasa orangutan fiye da 100,000 tsakanin 1999 da 2015, kuma tun 2016 aka sa na Borniyo a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Na Sumatra ba su wuce 14,000 ba, na yankin Tapanuli da ke Sumatra, da aka tabbatar jinsi ne daban a 2017, ba su kai 800 ba. Duk wanda ya ga ramukan kwal ɗin da na gani a hanya ya san inda babbar ɓarnar take. Ni ɗan kasuwa ne, na san zafin kuɗin da aka zuba inda ba ya dawowa.

Amma ban yarda da inda lissafin ya kai su ba, kuma na faɗa masa. Na ce, "Ɗana, shi wannan da muka gani yana shan kwakwa, shi ya kawo kansa nan? Mutum ya harbe uwarsa, mutum ya saye shi, mutum ya hana shi koyon abin da zai ci da kansa. Daga ranar da aka raba shi da daji, cinsa da shansa sun hau wuyan mutane, ko da riba ko babu." Na tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Hanya biyu hadisin ya bari, ka saki ko ka ciyar. Waɗannan birran hanyar sakin ta toshe musu, saura ɗaya. Malaman ƙasar ma sun yi magana: a 2014 Majalisar Malamai ta Indonesiya ta fitar da fatawa da ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai kuma wata fuskar da 'yan ajinsu ba su duba ba. Tun 1990 dokar Indonesiya ta hana ajiye orangutan a gida, har da hukuncin ɗauri. To jami'in da ya je ƙwace wani ƙato ɗan shekara ashirin da aka ɗaure da sarƙa a bayan gida, ina zai kai shi idan babu wuri irin Samboja? In babu inda za a kai, ba za a ƙwace ba, dokar ta zama takarda kawai, mai saye kuma ya ci gaba da saye. Tsare kurmi da riƙe waɗannan tsofaffin aiki ɗaya ne. Yaron ya yi shiru, ya ce zai kai wannan hujjar aji.

Ba zan ce duk abin da ke Samboja daɗin ji gare shi ba. Tsibiran ba su isa ba. Babban namiji ba ya zama da wani babban namiji, a daji ma kowa da yankinsa, yana gurnanin da ake ji daga nisan kilomita guda don gargaɗin saura. Ke nan kowane ƙato sai an ba shi tsibirinsa, da mace ɗaya ko biyu in sun jitu. Haƙa tsibiri, da dasa masa bishiyoyin da za su jure ƙarfinsu, da gyara bakin ruwan bayan kowace damina, kuɗi ne mai yawa. Don haka da yawa har yanzu a keji suke, suna jiran layi. Matashiyar ba ta ɓoye mana ba, muryarta ma ta canza da ta zo nan. Ta ce wanda ya daɗe a keji, ranar da aka kai shi tsibiri wani lokacin a ƙasa yake zama kwana da kwanaki, bai saba da taka ciyawa ba, bai san sama tasa ba ce. Masu ba da tallafi kuma sun fi son jin labarin jarirai da na waɗanda aka saki, alhali kuɗin gwanda da raken tsoho kullum ne. Abin da ya ƙara min girman ma'aikatan ke nan. Mai wanke kejin mai tarin fuka da sassafe ya san babu ranar da za a yi bikin sallamar wanda yake wa hidima, kuma gobe zai dawo ya sake wankewa.

Kafin mu tafi mun leƙa ɓangaren beyar, irin ƙananan nan baƙaƙe masu rawayen tambari a ƙirji, gommai daga cikinsu a manyan shingaye cikin daji. Su ma yawancinsu daga gidajen mutane aka karɓo su, kuma a nan za su ƙare.

A mota na tuna masu wasa da biri da ke zagaya kasuwanninmu, da igiya a ƙugun dabbar, yara na bi suna ihu. Ina yaro na bi su, kuma ba a taɓa gaya mana yadda aka raba birin da uwarsa ba, ko inda ake kai shi in ya tsufa ya fara cizo. Ɗan ƙanwata ya ce min a Najeriya ma akwai masu irin aikin Samboja: ƙungiyar Pandrillus da ta buɗe cibiyarta tun 1991 a Kalaba, wadda ke riƙe da birran da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu kiwo, cikinsu har da chimpanzee da ba za su koma daji ba, a wurinta na dutsen Afi a jihar Kuros Riba. Na sha zuwa Kalaba kan harkar kaya, in Allah ya sake kai ni zan nemi wurin.

Sauran hanyar zuwa Samarinda maganar sabon babban birni muka yi. Gwamnatin Indonesiya na gina Nusantara a wannan lardin don ya maye gurbin Jakarta, kuma Samboja ta faɗa cikin yankin da aka shata masa. Ƙasa ta yi tsada, tituna na ƙaruwa, masu haƙar kwal na matsowa. Yaron ya ce zai nemi izinin malamansa ya yi aikin bincikensa na ƙarshe a kan bishiyoyin da suka fi jure zama a tsibiran, domin manyan mazan kan karya su da sauri fiye da yadda suke girma. Na ce ya nema, kuɗin mota da na masauki ni zan biya. Mun shiga Samarinda ana kiran magariba, muka tsaya a babban masallacin da ke bakin kogin Mahakam muka yi salla, sannan ya kai ni ɗakinsa na kira uwarsa a waya.